Yadda za ka daɗe kana riƙe da alli: shawarar tsohon mushe, wato malamin makaranta, daga Damagaram

Wani yaro da ya taɓa zama a ajina na CM2, ajin ƙarshe na firamare, yanzu shi ma ya fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed ta nan Zinder, an tura shi wani ƙauye can bayan Tanout, ya zo gaishe ni lokacin hutu. Muna zaune a zaure muna shan shayi sai ya ce, "Baba mushe, don Allah ku ya kuka yi kuka shekara talatin da wani abu a wannan aiki? Ni wata bakwai kawai na yi, wallahi ji nake kamar in ajiye allin nan in bi motar Agadas in tafi haƙar zinariya." Na yi dariya, don nima na taɓa ɗaure kayana cikin dare a ƙauyen da aka fara kai ni zamanin shugaba Kunce, rashin mota ne kawai ya hana ni gudu.

Duk tsohon da ka tambaya ce maka zai yi haƙuri. To haƙurin gaskiya ne amma ba ya gaya maka abin da za ka yi ran Litinin da safe. Ni dai abin da idona ya gani, cikin waɗanda muka fara tare suka watse a hanya da wuya ka samu wanda yara suka kora. Bashi ne ya kori wasu, wasu rigima da mutanen gari, wasu murya ta mutu, wasu kuma takardunsu ne suka cuce su a ƙarshe. Waɗannan abubuwan kuwa duk ana iya shirya musu tun shekarar farko, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na faɗa wa yaron nan, ko wani mushe ko madam za su tsinci abin amfani.

Mu fara da ranar da ka sauka a garin da aka yi maka afektasiyo, wato inda aka tura ka aiki. Kar ka fara neman inda lakwal, wato makarantar boko, take. Ajiye katifarka da bidon ruwanka, ka tambayi gidan mai gari, ka je ka cire takalmi ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ake yi, ka ce ranka ya daɗe ga baƙonku an turo. Daga nan liman, daga nan malamin makarantar allo, kuma wannan na ukun shi ne matasa suka fi mantawa da shi alhali shi ke riƙe da yaran da kake nema. Yaran nan da asuba suna wurinsa, da dare suna gaban wutarsa, in ya ce lakwal wurin lalacewa ce to ka gama, ko rajista za ka cika da sunaye aji zai zama wayam. Ni a ƙauye na biyu da na zauna, can wajen Magaria, sai da na yi sati uku ina zuwa bayan magariba ina zama gefen tabarmar malam ina biya nawa allon, ba don dabara kaɗai ba, karatun nawa ma da ma da gyara. Ran nan shi da kansa ya ce, "Mushe, ƙarfe nawa kake son su?" Muka yi yarjejeniya yana sakinsu da hantsi kafin in buga ƙararrawa, ni kuma ba na riƙe su har su rasa karatun yamma. Shekara huɗu na yi a garin ba mu taɓa saɓawa ba.

Watan farko ka zama mai ido da kunne kawai. Kowane gari yana da tsohuwar rigimarsa, ta gona, ta sarauta, ta rijiya, kuma kowane ɓangare zai zo maka da fara'a da ƙwaryar fura yana so ya ja ka. Ka sha furar kowa, ka yi godiya, kar ka ce komai. Wurin sallah ma in masallatai biyu ne a garin ka bincika dalilin da ya sa suka zama biyu kafin ka zaɓi sahu.

Sai maganar kyauta. Za a kawo maka ƙwan zabi, kaza, tiyar wake, wani lokaci har ɗan akuya, kuma ƙin karɓa cin fuska ne a wurinmu, ka karɓa. Amma ka kula da lokacin da kyautar ke zuwa. Wadda ta zo da kaka ko da sallah alheri ce, wadda ta zo ana saura kwana uku kompozisiyo, wato jarrabawa, daga gidan yaron da ba ya iya rubuta sunansa, wannan ladan kuturu ce, in ka ci sai ka yi aski. Abin da nake yi shi ne in karɓa, bayan kwana biyu in aika gidan da sabulu ko sukari da ya kai kimar abin, shi ke nan an yi zumunci babu wanda ke bin wani.

Ga maza kuma zan faɗa ƙarara ba kunya: kada ɗiyar lakwal ta taka ɗakinka, ko shara, ko ɗebo ruwa, ko kawo kaye, wato littafin rubutu. In kana buƙatar mai dafa maka abinci ka nemi wata inna tsohuwa ta hannun mai gari ka riƙa biyanta a wata. Na ga malamai masu ƙwazo da wannan abu ɗaya ya gama da su, wasu sun aikata, wasu zargi ne kawai, amma a ƙauye zargin ma ya isa iyaye su kwashe ƴaƴansu mata gaba ɗaya, kuma wanda zai zo bayanka shekara biyar zai yi yana lallashi. Siyasa ma haka, lokacin da aka buɗe jam'iyyu, zamanin babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan André Salifou ya shugabanta, malami ya zama abin farauta don shi ne mai biro a gari. Ra'ayinka naka ne, amma hular jam'iyya da kalandarta kar su shiga filin lakwal, don gwamnati na canzawa kai kuma kana nan da ƴaƴan kowa.

Yanzu mu shiga aji, inda na fi son in daɗe.

Jarinka na farko murya ce, kuma sabon malami ɓarnatar da ita yake kamar ba ta ƙarewa. Yara tamanin ko ɗari a gabanka, iskar hunturu na shigowa da ƙura, garin alli na shiga maƙogwaro, kai kuma kana ta ihun a yi shiru tun safe, kafin watan Janairu ka koma magana kamar ƙofar langa-langa. Ka sani in ka ɗaga murya su ma ɗagawa suke. Ka samu alama guda wadda ba ta baki ba, ni tafi uku nake yi su amsa da biyu, sannan in tsaya cik ina kallonsu har sai an ji ƙarar kuda, sai in fara magana ƙasa-ƙasa yadda dole na baya ya miƙo wuya. Satin farko za ka ga kamar lokaci kake ɓatawa, amma bayan wata guda aji ya saba. Kar ka yi magana fuskarka na kallon allo. Goge allo da jiƙaƙƙen tsumma ba busasshe ba. Ka ajiye ruwa mai ɗumi kusa, da yamma kuma citta da kanumfari da ɗan zuma in akwai.

Allon kansa in ya koɗe ya yi fari yara na baya ba sa ganin komai, kuma in ka ce sai an aiko da fenti daga birni za ka jira har damina. Mu abin da muke yi, a fasa tsofaffin batiran rediyo a kwashe baƙin garin nan na ciki, a dama da ƙaro da aka jiƙa tun dare, a shafa da tsumma ranar da ba karatu, kafin a dawo ya bushe ya yi baƙi wuluk. Kai za ka yi da hannunka, ka ɗaure hannun da leda, kar ka sa yara don garin batir guba ne.

Aji mai yawa kuwa babu abin da ya kai arduwaz, ɗan ƙaramin allon da kowane yaro ke rubutu a kai da alli. A makarantar horo an koya muku dabarar nan ta La Martiniyar, na san kun rubuta ta a jarrabawa kun manta, to ita ce za ta cece ka. Ka faɗi tambaya, bakwai sau takwas, allin kowa a sama ba mai rubutu, ka ba su ɗan lokaci su yi tunani, ka buga tebur sau ɗaya su rubuta, ka sake bugawa kowa ya ɗaga arduwaz. Cikin ƙiftawar ido ka ga aji duka, ka ga wanda ya gane, ka ga wanda ya leƙa na maƙwabci, ka ga yarinyar can ta lungu da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ashe ita ce ta fi kowa. Minti goma na lissafi da ka kowace safiya da wannan ya fi ka kwashi kaye ɗari ka kai gida kana gyara da fitila har idonka ya lalace. Kayen ma ba kullum za ka gyara duka ba, raba su layi-layi, yau wannan layi gobe wancan, amma kowane yaro ya san jan bironka zai iso kansa cikin sati.

Kayan lissafi kar ka ce babu. Karan dawa a yayyanka a ɗaure goma-goma da zare, marafan kwalba, ƙwallon goruba, tsakuwa. Yaron CI, wato aji ɗaya, da ya kwance ɗaurin goma da hannunsa don ya cire bakwai daga sha uku ya gane aro a ragi har abada, wanda aka rubuta wa a allo kawai hadda ya yi.

Sai harshe, wanda shi ne ciwon da muka daɗe muna ɓoyewa. Yaro ɗan shekara bakwai ya taso da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Tamajak, ranar farko ka tare shi da Faransanci, yana kallonka kamar rediyo. Zamaninmu har sambol ake rataya wa wanda ya yi Hausa, wani ƙashi ko ƙoƙon kai na dabba a wuya, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Nima na rataya wa yara, kuma yau in na tuna ba na jin daɗi, don abin da ya koya musu kawai shi ne su yi shiru su riƙa tsegunta juna. Alhali a garin nan namu aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, kuma waɗanda muka ga yaran irin waɗannan ajujuwa mun san da wuri suke kama karatu. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, a 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa. To kai dai ko wane irin aji aka ba ka, in ka ga idanu sun yi fari ka sauko ka bayyana da harshen da suke ji, su gane abin, sannan ka ɗora musu kalmar Faransancin a kai su maimaita su rubuta. In kuma an kai ka inda ba ka jin harshensu, wajen Gure ko Tesker, ka koyi gaisuwa da ƙirga da "zo", "zauna", "ka gane?" tun satin farko, ka bar su su yi maka dariya in ka karya, wannan dariyar ce ke buɗe aji.

Fish kuma, wato shirin darasi, na san kowa ya tsane shi. Shekara uku na farko ka rubuta shi cikakke kamar gobe ansipekta, mai duba aikin malamai, zai zo, kuma a babban kaye mai kauri ba a warwatsattsun takardu ba, bayan darasi ka ɗan rubuta a gefe da fensir abin da ya faru, nan suka ruɗe, wannan misali bai yi ba, lokaci bai isa ba. Shekara ta huɗu in aka sake ba ka ajin za ka gode wa kanka. Amma kar ka zama irin abokin aikina da ya shekara ashirin da fish guda har takardar ta koma ruwan ƙasa, manhaja ta canza sau nawa shi yana nan inda yake.

Bulala: an hana a hukumance, kuma ko ba a hana ba ni na daina tun kafin in kai rabin aikina. Dalili, wata rana na zane wani yaro don ya makara kwana uku a jere, da rana sai ga kakarsa ta zo, ba faɗa ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Mushe, ɗan naka shi ke ɗebo mana ruwa, rijiyar ta ƙafe sai ta garin gaba." Duk wanda ya zauna ƙasar Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi, a cikin birni ma mun sha tashi tsakar dare jiran famfo. Tun ranar in yaro ya yi laifi tambaya nake fara yi. Horo kuwa akwai shi iri-iri, ya rasa fita hutu, ya share aji, a kira uba, kuma mafi zafi wurin yaron ƙauye ka daina aikensa kwana biyu.

Rashin zuwa shi ne yaƙin da ba ya ƙarewa. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba, a ƙauye kuwa hatsi na gona, wake bai gama ba, kuma karan da za a yi rumfar aji sai an gama girbi ake samunsa, don haka in ba ka tashi tsaye ba Nuwamba za ta same ka ba ka fara ba. Tun kafin hutu ka zauna da ƴan kwamitin lakwal, wato COGES, da ƙungiyar iyaye mata ta AME, a raba wa gidaje wa zai kawo zana wa zai kawo itace, kuma kafin rumfa ta tsayu ka fara a gindin bishiya ko da yara sha biyar ne, sauran in sun ji ana rera karatu za su zo. Ranar kasuwa ƴan mata na talla, ka sani, sai ka sa darasi mai nauyi a wata rana. Bayan kaka kuma akwai ci-rani, wasu Kano wasu Daura, a yankin Kance ma mun ga uwaye na tafiya da ƙananan yara har Aljeriya. Rajistar kira ka riƙa yinta tsakani da Allah safe da yamma, yaro ya yi kwana uku ba ka gan shi ba ka taka da ƙafarka zuwa gidansu, ka yi sallama ka ce ka zo duba jikinsa ne. In maganar aure ce ta taso wa ɗiyar CM, kar ka tunkari uba da doka a bakinka ranar farko, bi ta wurin iyaye mata da liman, su sun san ƙofar da ake shiga.

Rumfar kuma ka ɗauke ta da muhimmanci. A 2021 gobara ta cinye ajujuwan zana a Yamai a watan Afrilu, ta sake yi a Maradi a watan Nuwamba, ƙananan yara da yawa suka rasu. In a rumfa kake koyarwa ka bar ƙofa biyu, ka raba rumfuna da tazara kar su manne da juna, masu tuya da masu shayi su yi nesa, ka caje aljihun yara saboda ashana, ka ajiye bokitin yashi, kuma ka gwada musu fita da sauri ba turereniya har ya zame musu wasa.

To kuɗi. Mu da muka ga shekarun 1990 mun san abin da ake kira jiran albashi, wata da watanni ba a biya ba, ga shekarar da aka soke karatu gaba ɗaya, ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 da ta sa kayan shago suka yi tsalle albashi na nan inda yake. Ku ƴan kwantaragi ma kun san jinkirin pekil, ɗan kuɗin wata da ake biyanku. Abin da ya riƙe ni shi ne hatsi. Duk kaka, lokacin da tiya ta fi araha, nake sayen abincin shekara in zuba a rumbun wani amintacce, in bazara ta yi farashi ya hau ni dai tuwo ba ya yankewa a gidana ko an biya ko ba a biya ba. Na biyu tunkiya, ka saya ka ba wani kiwo a raba riba, kafin layya kana da rago ba ka ci bashi ba. Na uku adashi da abokan aiki, amma da waɗanda ka san ranar albashinku ɗaya.

Bashin banki shi ne ramin da na ga ya fi cinye malamai. Ranar da lambarka ta fito aka ɗauke ka cikakken ma'aikaci za a yi ta yi maka tayi, ka ci na babur, kafin ka gama ka ci na aure, ka ƙara na sallah, sai ka wayi gari abin da ke shigowa ƙarshen wata bai kai kuɗin cefanen sati biyu ba, daga nan sai mai shago, daga mai shago sai mai ba da kuɗi da ruwa ya riƙe katinka. Malamin da ke ɓuya in ya hango mai binsa ba ya iya tsayuwa gaban aji da natsuwa. In za ka ci bashi ka ci don fili, ko a bayan gari ne inda kake ganin daji, unguwanni nawa ne a Zinder da muka sani gonaki ne yau sun zama tsakiyar gari. Ka kewaye, ka yi ɗaki ɗaya, sauran a hankali. Kuma littafin bashin mai shagon ƙauye ka biya shi kafin ka tafi hutu ko da za ka koma gida da aljihu wayam, don sunanka na riga ka isa gari na gaba.

Sandika, wato ƙungiyar ƙwadago ta malamai, ka shiga, ka biya kuɗin kati, ka je taro, yawancin abin da malami ya samu a ƙasar nan da yajin aiki aka same shi. In an koma kuwa ka rama wa yara abin da suka rasa, su ba su ci maka komai ba.

Kada ka daina karatu. A 2017 da aka yi wa ƴan kwantaragi gwaji, tambayoyin ba su wuce abin da ake koya wa yaran firamare ba, amma mutane da yawa suka rasa aikinsu, wasu cikinsu ba daƙiƙai ba ne, sun dai shekara goma a CI ba su sake taɓa lissafin CM2 ba. Saboda haka kar ka yarda a dasa ka a aji guda, ka nemi direkta ya riƙa juya ka, ka sauka ƙasa ka hau sama. Taron CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, wanda ake yi wa kallon wurin cin shinkafa da hira, in ka je da tambaya ta gaske za ka samu tsohon da ya san amsa, kuma ka yarda ka yi darasin gwaji gaban ƴan uwa su soke ka, zafin na yini ɗaya ne. Jarrabawar ƙwarewa a aikin koyarwa, CEAP ko CAP gwargwadon matakin da ka shigo da shi, ka yi ta da zarar ka cancanta, kafin ƴaƴa su yi yawa kai ya cika. Mai son zama konseye, mai ba malamai shawara, ko ansipekta akwai gasar shiga ENS, babbar makarantar horon malamai, a Yamai, ga jami'a kuma yanzu a cikin garinmu, abin da mu ba mu samu ba muna matasa. Ni ban bi wannan hanya ba, na tsaya a direkta riƙe da aji, kuma ban yi nadama ba, amma gara ka ƙi da kanka da a ce ba ka da takardar.

Takardu su ne na bari ƙarshe don su suka fi ba ni wuya. Takardar afektasiyo ta farko, takardar kama aiki ta kowace lakwal da ka taɓa zama, ta ɗaukarka aiki, ta kowane ƙarin mataki, takardun albashi, takardar haihuwarka da ta aure da ta kowane yaro. Ni nawa a kwali na zuba su ƙarƙashin gado a wani ɗakin ƙasa, na tafi hutun damina na dawo na tarar gara ta yi gini a ciki, takardar kama aikina ta farko ta zama ƙasa. Lokacin ban damu ba, sai da ritaya ta matso ana haɗa dosiye na fansho aka ce a kawo ta, na yi ta safa tsakanin Zinder da Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ina kwana gidan ƴan uwa, wannan ofis ya tura ni wancan, kafin a tono kwafi a wani tsohon kundi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi akwatin ƙarfe ƙarami a kasuwar Dole, kowace takarda ka yi mata fotokofi uku a buga hatimi, ɗaya a akwatin, ɗaya gidan iyayenka, ɗaya wurin wani amini, sannan ka ɗauki hotonta da waya ka tura wa kanka ta WhatsApp ko imel. Ka duba sunanka harafi-harafi da ranar haihuwa a kowace, don Mahaman a wannan Mamane a waccan ya isa ya tsayar da fanshonka wata da watanni, gyaran kuma sai kotu. Saura shekara biyu ka fita ka je ka tambayi jerin abin da CARENI, hukumar fanshon ma'aikata, ke buƙata ka fara tarawa, kuma ka tanadi hatsin wata shida aƙalla, don tsakanin albashin ƙarshe da fansho na farko akwai rata.

Yaron nan da na faɗa muku ya koma bakin aikinsa da aka buɗe lakwal. Kafin ya tafi na ba shi tsohon kayen fish ɗina na CE1, wato aji uku, da akwatin ƙarfe ɗaya cikin biyun da nake da su. Shekaranjiya ya kira ni, layin na yankewa, wai ya shafa wa allo batir da ƙaro amma ya yi ta ɓarewa, na ce ƙaron ne ya yi yawa, ya ƙara ruwa ya shafa siriri sau biyu, kuma ya bari na farko ya bushe tukuna.